Hadari da Zafi da Laima: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

An shirya wannan jawabi domin hakimai da dagatai da malaman ofisoshinsu, na ƙasar Morai da sauran gundumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun. 

Ba wanda zai koya wa mutumin Morai zafin bazara, gama da shi ya tashi. Ya san daren da a ke fitar da tabarma tsakar gida, a yayyafa wa ƙasa ruwa, duk da haka barci ya ƙi zuwa. Ya kuma san la'asar ɗin da gabas kan yi baƙi ƙirin, mata su shiga kwashe shanya, makiyayi ya juyo da dabbobinsa gida. Abin da jawabin nan ya ke nufi shi ne ya bayyana dalilan waɗannan al'amura kamar yadda masana suka auna su, ya gwada su da na waɗansu ƙasashe, sa'an nan ya nuna abin da ya rataya a wuyan shugabanni. Kowace shekara a kan yi hasarar rayuka da iri da rufin ɗakuna tsakanin watan Maris da watan Satumba, kuma da yawa daga cikin hasarar nan ana iya kauce mata in an shirya da wuri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

ISKA BIYU

Shekarar ƙasar Hausa iska biyu ne ke rabonta. Ta farko ta kan fito daga arewa maso gabas, ta ratso Hamada, ta iso busasshiya da ƙura. Ita ce iskar hunturu. Ta biyu ta kan taso daga Tekun Atlantika, kudu maso yamma, ta shigo ɗauke da tururin ruwa. Inda iskokin nan biyu suka haɗu akwai iyaka, wadda ba ta zama wuri ɗaya. Cikin watan Janairu tana can kusa da bakin teku. Daga nan ta kan yi ta matsowa arewa tana bin rana, ta iso ƙasar Zamfara wajen ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu, ta wuce har bayan Agadas cikin Agusta, sa'an nan ta juyo. Muddin iyakar tana kudu da gari, garin yana cikin rani. In ta wuce shi da nisa, damina ta sauka.

Wannan shi ya sa ruwa ke raguwa in mutum ya nufi arewa. Kalaba ta kan sami kusan milimita 3,000 a shekara, Gusau wajen 900, Sakkwato tsakanin 600 da 700, Agadas kuwa ba ta kai 200 ba. Ƙasar Mafara tana tsakanin Gusau da Sakkwato, ruwanta ma haka. Abin mamaki, birnin Landan na Ingila, wanda ya yi suna wajen ruwa, abin da ya ke samu a shekara wajen milimita 600 ne, watau bai fi na Sakkwato ba. Bambancin shi ne, nasu yayyafi ne da ke rarrabe cikin wata goma sha biyu, ga sanyi, ƙasa ba ta bushewa. Na ƙasar nan kuwa cikin wata huɗu ko biyar ya ke zuba, sau da yawa kamar da bakin ƙwarya, rana kuma ta fito ta shanye rabonta.

ZAFIN TUDU DA ZAFIN BAKIN TEKU

Sau biyu a shekara rana ke tsayawa daidai bisa kan mutanen Mafara da tsakar rana, har mutum ya ga inuwarsa ta taru ƙarƙashin ƙafarsa: wajen ƙarshen Afrilu, da wajen ashirin ga Agusta. Amma a Afrilu sama tas ta ke, ƙasa a bushe, don haka ma'aunin zafi ya kan wuce digiri 40 cikin inuwa. A Agusta girgije ya rufe, ƙasa ta jiƙe, da ƙyar ya ke wuce 31 ko 32.

Fatake da 'yan cirani da suka je Legas ko Fatakwal su kan dawo suna cewa zafin can ya fi na gida ciwo, alhali kuwa ma'auni a can ba safai ya ke wuce digiri 34 ba. Ba ƙarya suka yi ba. Dalilin shi ne laima, watau yawan tururin ruwan da ke cikin iska. Randa ta isa misali. Da bazara ruwan randa sanyi ƙarara, domin ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta iska tana shanye shi nan da nan, yana tafiya da zafin. Da marka kuwa randar ta kan jiƙe sharkaf, ruwan ciki bai yi wani sanyi ba, gama iska ta riga ta ƙoshi, ba ta da wurin karɓar ƙari. Jikin ɗan Adam haka ya ke. Zafinsa digiri 37 ne, kuma da zufa ya ke kāre kansa. In zufar ta bushe, jiki ya huce. In ta tsaya tana tsiyaya kawai, an yi hasarar ruwa ba a sami sanyi ba.

Masana suna auna laima da kashi cikin ɗari. Da hunturu a ƙasar Sakkwato da Zamfara ta kan sauka ƙasa da kashi 20, shi ya sa leɓe da diddige ke tsagewa, wanki ya bushe kafin a gama shanya. Cikin Agusta ta kan haura kashi 70 ko 80: gishiri ya narke a kwano, ƙyauren katako ya kumbura ya ƙi rufuwa, takalmin fata ya yi fumfuna, takardun ofis su yi laushi. Bakin teku kusan kullum cikin irin wannan hali su ke. Kwanakin da suka fi tsanani a Morai su ne na tsakanin bazara da damina, sa'ad da iskar teku ta iso da laimarta amma ruwa bai sauka ba. A lokacin zafin tudu da na bakin teku sun taru wuri ɗaya, dare ma ba ya hucewa.

Tudu mai tsawo yana rage zafi. Kowace mita 1,000 da mutum ya hau, ma'auni ya kan sauka wajen digiri 6. Jos tana bisa tsawon mita 1,200 ko fiye daga teku, shi ya sa baƙo ke neman bargo a can cikin watan da mutumin Bakura ke kwana waje.

Kada a ɗauka zafi wahala ce kawai wadda a ke jimrewa. Yana kisa. A shekarar 2003 zafi ya kashe mutum wajen 15,000 a Faransa, yawancinsu tsofaffi, cikin gidajen da aka gina don tsare ɗumi. Ran 3 ga Afrilu, 2024, cikin watan azumi, ma'auni ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Cikin watan Yuni na shekarar 2024 kuma alhazai fiye da 1,300 suka rasu a lokacin aikin Hajji, sa'ad da zafin Makka ya wuce digiri 51. Alamar wanda zafi ya buge ita ce jiri da ciwon kai da ruɗewar magana, jiki ya yi zafi jau. A kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a jiƙa jikinsa a yi ta fifita, in yana iya haɗiya a ba shi ruwa, a kuma garzaya da shi asibiti. Tsofaffi da jarirai da mata masu ciki su ne a gaba wajen haɗari.

Busasshiyar iska da ƙura kuma su ne abokan tafiyar sanƙarau. Annobar 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. Ta 2017 kuwa daga Zamfara ta faro, nan ta fi ɓarna. Cutar ta kan yi ƙarfi daga Fabrairu zuwa Afrilu, ta kwanta da zarar laima ta shigo. Maganinta allurar rigakafi, da rage cunkoso a ɗakin kwana, da saurin kai wanda wuyansa ya sanƙare wurin likita.

YADDA HADARI KE HAƊUWA

Da hantsi rana ta kan gasa ƙasa, ƙasa ta gasa iskar da ke kanta. Iska mai zafi ba ta da nauyi, sai ta tashi sama kamar hayaƙi. In busasshiya ce, iyakarta guguwa. In tana ɗauke da laima, da ta yi nisa sai ta yi sanyi, tururin ya koma ɗigon ruwa, girgije ya fito. Komawar tururi ruwa tana sakin zafi, zafin ya ƙara tura iskar sama, girgijen ya yi ta tsawo har ya kai kilomita 15 ko fiye, inda ruwa ke daskarewa. Daga can ƙanƙara ke faɗowa. Wannan ne dalilin da ya sa hadari ya fi haɗuwa da la'asar da kuma dare, bayan rana ta gama aikinta.

Mai lura zai tambaya, in iskar ruwa daga kudu maso yamma ta ke zuwa, me ya sa hadari ke tasowa daga gabas? Amsa ita ce, iskar teku a ƙasa-ƙasa ta ke tafiya. Bisa kanta, wajen kilomita 3 zuwa 4, akwai wata iska mai ƙarfi da ke busowa daga gabas, ita ke kora gizagizai yamma. Su kan jeru sahu guda mai tsawon ɗaruruwan kilomita, suna tafiyar wajen kilomita 50 cikin awa. Saboda haka hadarin da ya sauka ƙasar Katsina da azahar yana iya riskar Maradun kafin dare. Mafi yawan ruwan da gero da dawa ke sha daga irin wannan jerin hadari ya ke fitowa. Waɗansu daga cikinsu su kan ƙetare Afirka ta Yamma duka, su faɗa teku ta wajen Senegal, su rikiɗa su zama manyan guguwar da ke rushe gidaje a gaɓar Amurka.

Iskar nan mai sanyi da ƙura wadda ke riga ruwa isowa, daga cikin girgijen ta ke saukowa, ruwa ne ya jawo ta ƙasa, ta bugi ƙasa ta bazu gaba. Ita ke yaye kwano, ta karya rassa, ta ka da turakun lantarki. A farkon damina ta fi muni, domin ƙasa a bushe ta ke, sau da yawa ma holoƙo ne kawai ba ɗigo ko ɗaya. Rufin makaranta da na asibiti da rumfunan kasuwa a watan Mayu da Yuni su ke tafiya, kuma yawanci ƙusa ce ta saki ko gara ta cinye katako tun rani ba wanda ya duba.

ARADU

Cikin girgije ƙanƙara da ɗigon ruwa suna gugar juna, daga nan lantarki ke taruwa. In ya yi yawa sai ya tsallaka, ko cikin girgijen, ko zuwa ƙasa. Shi ne walƙiya. Tana zafafa iskar da ta ratsa har wajen digiri 30,000, iskar ta fashe, ƙarar fashewar ita ce tsawa. Wani Ba'amurke, Benjamin Franklin, shi ya tabbatar a 1752 cewa walƙiya lantarki ce, shi ya kuma ƙago sandan ƙarfen nan da a ke kafawa bisa dogon gini, a ja waya daga gare shi zuwa cikin ƙasa.

Haske nan take ya ke isowa, ƙara kuwa tana cin sakan 3 kafin ta yi kilomita 1. Wanda ya ga walƙiya ya ƙirga har 30 bai ji tsawa ba, hadarin yana da nisan kilomita 10 ko fiye. In ya ji ta kafin ya kai 30, lokacin neman mafaka ya yi, kuma kada ya fito sai an yi rabin awa da tsawar ƙarshe.

Aradu ta fi faɗa wa abin da ya fi tsawo a fili. Itace guda tsakiyar gona, wanda manomi da makiyayi ke rugawa gindinsa, shi ne wuri mafi haɗari. In ta faɗa wa itacen, wutar ta kan bazu cikin ƙasa, ta shiga ta ƙafafun gaba na saniya ta fita ta na baya, shi ya sa a kan wayi gari a tarad da garke kwance wuri ɗaya. Masunta bisa tafkin Bakolori, da masu aikin shinkafa tsaye cikin ruwa, da yara masu ƙwallo a fili, duk su tashi tun tsawa tana nesa. Mafaka ta gari ita ce cikin ɗaki ginanne, ko cikin mota mai rufin ƙarfe. Wanda ke ɗaki ya nisanci wayar lantarki da duk abin da aka jona da ita.

Akwai maganganu biyu da ya kamata shugabanni su kashe. Na farko, cewa ba a taɓa wanda aradu ta faɗa wa. Jikinsa ba ya riƙe wuta, kuma da yawa su kan rayu in an yi saurin taimakonsu, musamman in an danna ƙirjin wanda numfashinsa ya tsaya, an kai shi asibiti. Na biyu, cewa aradu ɓarawo ko mai rantsuwar ƙarya ta ke nema. Wannan zance ya sha ƙara wa iyalin mamaci baƙin ciki bisa baƙin ciki. Aradu tsawo ta ke bi, ba ta tambayar halin mutum.

RUWAN FARKO DA SHUKA

Ruwan farko ya sha yaudarar manomi. Iyakar iskokin nan biyu ta kan matso ta koma, a yi ruwa ɗaya mai kyau, a shuka, sa'an nan sama ta ɗauke kwana goma sha biyar, tsiro ya ƙone. Talakan da ya zuba irinsa duka ba shi da na biyu sai bashi. Masana aikin gona sun ƙayyade cewa damina ta kama in an sami milimita 20 ko fiye cikin kwana uku a jere, ba a kuma yi fashin da ya wuce kwana bakwai a bayansa ba. Hukumar kula da yanayi ta Nijeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da kwanakin da a ke sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Hasashe ne, Allah shi ne masani, amma ya fi ƙirdado.

Nan ne aikin malami ya shigo. A zamanin En'e a kan ajiye ma'aunin ruwan sama a ofisoshi da gonakin gwaji, a rubuta abin da aka samu, a aika gaba. Da waɗannan littattafan ne masana suka gane yadda damina ta ragu daga ƙarshen shekarun 1960. Aikin ba shi da wuya. A kafa ma'auni a fili, nesa da itace da indararo, a duba shi kowace safiya a lokaci ɗaya, a rubuta, ranar da ba a yi ruwa ba ma a rubuta. Kada a raina lambar: milimita 25 bisa hekta ɗaya lita 250,000 ke nan, watau duro 1,250.

FARI DA AMBALIYA

Tsofaffi sun ba da labarin yunwar 1913 zuwa 1914, da 'Yar Gusau ta wajen 1942, da farin 1973 da na 1984. Tun daga shekarun 1990 ruwa ya ɗan dawo, amma da wani hali dabam. Wani bincike da aka buga a 2017, wanda aka yi da hotunan tauraron ɗan Adam, ya nuna manyan hadura masu tsanani a yankin Sahel sun ninka sau uku tun 1982, saboda Hamada tana ƙara zafi. Ma'anar wannan ita ce ruwa mai yawa cikin awa kaɗan, wanda ƙasa ba ta iya shanyewa.

Gulbin Sakkwato ya faro ne daga wajen Funtuwa, ya bi ta Gusau da Bunguɗu da Maru kafin ya shiga madatsar Bakolori, wadda aka gama a 1978. Saboda haka ruwan da bai sauka a Bakura ba yana iya cin gonar Bakura. Hadarin ƙasa maganin mai kabido. Ambaliyar Satumba ta 2010 a kwarin Rima, daga Goronyo zuwa Sakkwato, da ta Maiduguri a Satumba ta 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau, sun isa ishara. Bayan ambaliya kuma sai amai da gudawa, in ruwan masai ya shiga rijiya, sai zazzaɓin sauro daga kududdufai.

ABIN DA A KE BUKATA GA HAKIMI DA MALAMINSA

1. Kafin ƙarshen Afrilu a zaga a duba rufin makarantu da asibitoci da masallatai da rumfunan kasuwa, a ƙara ƙusa, a sare busassun rassa. A tuna wa masu soraye yaɓe da gyaran indararo.

2. A yashe magudanan gari, a hana gini da zuba shara bisa hanyar ruwa, a ɗaga bakin rijiyoyi.

3. A nemi hasashen damina daga malamin gona, a sa sanƙira da limamai su sanar, a kuma gargaɗi manoma kada su ƙarar da iri a ruwan farko.

4. A riƙe zumunci da ma'aikatan Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, domin in za a saki ruwan Bakolori labari ya riski ƙauyukan fadama da wuri. In hadari mai iska ya wuce wani gari, dagacinsa ya buga waya ga na yamma da shi.

5. A ƙarfafa wa iyaye karɓar allurar sanƙarau, da maganin rigakafin zazzaɓi da a ke raba wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar wata-wata cikin damina, da kwana cikin gidan sauro.

6. A sa ido bisa mutanen da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu, waɗanda ke zaune cikin bukkoki da kangaye. Su ne zafi da iska da ambaliya ke fara samu.

7. Malami ya riƙe littafi guda na ruwan sama, ya rubuta a ciki duk ɓarnar iska da aradu da ambaliya, da rana da wuri da adadi, ba ƙari ba ragi, ya ajiye shi inda laima da gara ba su kai ba. Taimakon da a ke nema daga gwamnati bisa wannan rubutun ya ke tsayawa, kuma rahoton da aka kumbura shi ke sa a ƙi gaskata na gaskiya in ya zo.

Saukar da ruwa ikon Allah ne. Ƙusar rufi da bakin rijiya da littafin ma'auni kuwa an bar su hannun mutane, kuma hakimi da malaminsu su za a fara tambaya. Allah ya ba da damina mai albarka, ya kiyaye talakawa da dukiyarsu. Amin.